Damben Marafan Lemo

Akwai wani malamin makaranta da aka turo Batsari daga Katsina, sunansa Malam Tayyib. Yana da kai, wannan ba a musu. Matsalarsa ita ce yana ganin duk garin shi kaɗai Allah ya ba.

Shekarun nan ne da 'yan bindiga suka hana noma, suka hana taro. Damben kaka ma aka daina. Sai Malam Tayyib ya ƙirƙiro wani wasa a bencin Baba Badaru mahauci, wanda tsohon ɗan dambe ne. Kowa ya ɗauki marfin lemo a matsayin ɗan dambensa, ya raɗa masa suna. Malam ya ba da labari, a jefa dais ɗin ludo, a ga wanda ya yi kisa.

Wasa ya karɓu. Bayan la'asar benci ya cika, mutane su ɗan manta tsadar masara. Kan Malam kuwa ya ƙara kumbura.

Cikin masu zuwa akwai Daudu, manomi ne da ya gudo daga Yasore da iyalinsa, yana dako a kasuwa. Malam ya tsane shi don kawai ya cika tambaya.

Da Sallah ta matso, Malam ya cika littafi da shirin babbar gasa. Ya zana fili da hanyoyi, ya rubuta cewa ranar kasuwa za a sace zakaran dambe, kuma wani cikin 'yan wasan ne informa, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ya ba Daudu wannan matsayi.

Baba Badaru ya ja shi gefe. "Malam, canza wannan. A garin nan ba a wasa da kalmar nan. Mutumin nan baƙo ne, ba shi da mai tsaya masa."

Malam ya taɓe baki. "Baba, wannan shi ake kira ƙirƙira. Ku 'yan ƙauye ba ku san bambancin labari da gaskiya ba."

Ka ji mai ilimi.

Aka yi wasa, aka tona asirin informa, aka sha dariya. Kafin sati ya zagayo sunan ya bar benci ya shiga kasuwa. Waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba suka ɗauka. Aka daina ba Daudu dako. Mai ɗakin da ya ba su mafaka ya ce su nemi wani wuri.

Daudu ya sami Malam. "Malam, don Allah ka fito ka gaya wa mutane wasa ne. 'Ya'yana ba su da abinci."

"To ni na hana su ci?" Malam ya ci gaba da latsa waya.

Magana ta kai kunnen 'yan sa-kai. Suka bi diddiginta har bakin wanda ya fara faɗinta, wato Malam, suka buɗe littafinsa. Ga taswira, ga ranar kasuwa, ga shirin sace mutum, duka da rubutun hannunsa. Suka zaunar da shi a ƙasa a bakin tasha.

Turancin da Malam ke taƙama da shi duk ya gudu. 'Yan bencin da ke masa tafi kowa ya tuna yana da aiki a gida.

Daudu ne ya ratso taron, Baba Badaru na biye da shi. Daudu ya san shi ma ana iya haɗawa da shi. Ya durƙusa ya zube marafan lemo, ya jera su daidai da zanen littafin, ya bayyana wasan tiryan-tiryan. Tambayoyin nan da Malam ya raina su suka sa ya haddace komai.

Aka sallami Malam. Ya kamo hannun Daudu zai yi godiya. Daudu ya zare hannunsa, ya ɗora wa Malam marfin wasansa a tafin hannu.

"Riƙe kayanka, Malam. Kai an wanke ka cikin awa ɗaya. Ni gobe zan kwashe iyalina mu koma Safana, don a nan ko ka hau mota ka yi shela, informa za a ci gaba da kiran 'ya'yana."

Haka kuwa aka yi. Benci bai sake cika ba.

Darasi: Kada ka yi wasa da sunan wanda ba shi da gata, domin kai kana tashi daga wasan, shi kuma da sunan zai kwana. Wanda ya girme ka a gari ya fi ka sanin inda ramin yake. Ku tura wa masu laƙaba wa mutane suna don a yi dariya.