Ranar da Zakara Ya Hana Kururuwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu saurara.

Shirwa ta addabi garin kaji da surar 'yan tsaki. Zakara, sarkinsu, ya ce, "Duk mai kururuwa Shirwa yake kira. A datse masa baki!"

Kaza ta ce, "Ranka ya daɗe, ai da kururuwar muke gargaɗin 'ya'yanmu."

"Ashe ke ce munafukar!"

Aka datse mata baki.

Washegari Kaza ta hango Shirwa tana saukowa kan ɗan Zakara. Ta buɗe guntun bakinta, sai jini. Sauran kaji suka yi gum.

Zakara ya zo yana kuka. "Ba wanda ya gani?"

Suka ce, "Duk mun gani, ranka ya daɗe. Doka muka bi."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na sauke ta.