Ɗacin Sabuwar Ƙwarya

An ce a Tudun Kanya an yi wani dagaci mai suna Jatau, yana da wani tsohon gauraka da ya gada wurin ubansa, tsuntsu mai baki kamar aska.

Dagacin yana da ƙane, Habila, wanda aka kora daga gandu saboda zafin zuciya. Rago ne ya taɓa masa dami, ya ɗauki taɓarya ya karya masa ƙafa, da mai ragon ya yi magana shi ma ya sha a ka. Bayan shekaru, ana gab da ruwan shuka, sai ga Habila da buhun iri, ya zauna a zaure yana roƙon a mai da shi gandu. In aka hana shi, bana ba shi da inda zai sa ƙwaya.

Jatau ya shige cikin gida yana huci. Ya ce, "Wai ya zama mutumin sujada! Ni ma kowace Lahadi ina majami'a, me ta sake mini? Hali zanen dutse ne."

Gauraka ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ai leƙawa kake yi, kafin a ce amin ka kai bakin ƙofa. Ara mini kunnenka ka ji labarin Irmiya mahauci."

Jatau ya ce, "Faɗi, amma kada ka ja ta."

Gauraka ya ce: Irmiya mahauci ne mai saurin hannu. Da aka yi masa baftisma ya ɗauka magana ta ƙare. Ko kasuwa ba ta zagayo ba, ya zabga wa wani mari a kan ƙashi. Kunya ta kama shi, ya tafi wurin Damaris, tsohuwa mai fafe ƙorai, ya ce, "Iya, baftismar nan fa ba ta kama ni ba."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Zauna, ɗana, in ba ka labarin Kyauta da Rahila."

Ta ce: Maƙwabtan juna ne. Na fafe duma guda, kowacce ta ɗauki ɓari. Kyauta ta yi baƙi, ta ɗauraye tata sau ɗaya ta dama fura a ciki. Wayyo! Baƙi suka kurɓa suka tofar, ɗaci kamar maɗaci. Ta ce ai duman ne mugun iri, ta wurga ta bola. Ita kuwa Rahila jiƙa tata ta yi. Kullum da safe ta kankare, ta zubar da ruwan, ta zuba sabo. Ta ɗanɗana ta ji da saura, ba ta yi fushi ba, ta mayar. Yau a ƙwaryar nan jikokinta ke shan kunu. "Duma ɗaya ne, ɗana. Kai an tsoma ka, amma ba ka jiƙu ba."

Daga ranar, kafin Irmiya ya taɓa wuƙa sai ya je majami'a ya zauna. Ya karanta Zabura, ya yi waƙa da muryarsa mai korar kaji, sa'an nan ya yi shiru gaban Ubangiji. Damina ta wuce, rani ya bi. Wata rana mutumin nan na ƙashi ya zage shi tas a tsakar kasuwa. Irmiya ya ji zuciya ta taso, ta tsaya a wuya, ta koma. Ya tafi gida yana hawayen murna. To, ranka ya daɗe, wanda ya daɗe a ruwa ba a auna shi da ɗacin jiya.

Jatau ya ce, "Daɗin baki! Ta yaya zan san nawa ƙanen ya jiƙu?"

Gauraka ya ce, "Ido ba ya gane ƙwarya, sai an kurɓa. Af, na manta ban gaya maka ba, tun ɗazu ragonka ya tsinke ya nufi zaure."

Jatau ya zabura. Ya ruga ko takalmi babu. Ya tarar buhu a yage, iri a warwatse, rago ya ci na ci. Habila na durƙushe yana warware igiyar da ta harɗe ƙafar dabbar.

Habila ya ce, "Yaya, a sa masa magani, igiyar ta ji masa ciwo."

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji mana. Sai dai na daɗe ina zama gaban Ubangiji, na saba kai masa haushina kafin in kai wa wani."

Jatau ya kama hannunsa ya tashe shi. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ya miƙa wa ƙanensa ya kurɓa, shi kuma ya karɓi saura ya shanye. Ya ce, "A ɗebo masa iri a rumbuna, a fito masa da fartanyarsa."

Gauraka ya leƙo ya ce, "Saura ɓari guda, ranka ya daɗe."

Jatau ya yi dariya ya ce, "Na ji. Habila, gobe da safe in za ka majami'a ka biyo mini, kuma in ka ga na miƙe da wuri, ka riƙe mini riga."