Lambar da Ketura Ta Ba Firinta

"Ni fa ban ɓata komai ba, Baba! Gyara na yi!"

Mai ihun nan Ketura ce. Ubanta wani mutum ne mai ɗan shagon buga takardu a ƙofar gidansa. A shagon akwai wani ɗan akwati mai raba wayifai, kuma duk na'urar da ta shigo, shi yake ba ta lamba don a san inda za a same ta. Waya ta zo, ya ba ta lambar da ba kowa a kai. Ta tafi, ya ba wata. Ga baƙi hakan ya yi daidai, ba ciwon kai. Amma firinta ba baƙuwa ba ce. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai lambarta ta canja, kwamfuta ta yi ta lalube ba ta same ta ba.

Abin ya ishi Ketura. Uban ya ce ta bari ya dawo daga gona su shiga tsarin akwatin tare, don shi kaɗai ya san kalmar sirrin. Ketura da jira? Ina! Ta danna lamba ashirin a jikin firintar da hannunta, ta ce, "Nan za ki zauna." Sati biyu lafiya lau, tana ta ɗaga kai.

Ran nan sai ga maƙwabciyarsu, Mama Laraba, idanu jajawur. Ƙarfe biyu za a binne mijinta, tana son takardun waƙoƙin sujada guda ɗari. An fara bugawa, sai aka haɗa wayarta da wayifai don ta turo hoton marigayin da za a sa a bangon gaba. Akwatin kuwa, ba wanda ya gaya masa ashirin tana da mai ita, sai ya miƙa wa wayar. Na'ura biyu suka yi karo a lamba ɗaya, firinta ta yi tsit. Kafin uban ya gano dalili, biyu saura kwata. Abin da ake gardama a kai ke nan.

"Kin yi gyara," in ji uban. "Kin gaya wa akwatin?"

"Akwati ne fa, Baba, ba mutum ba!"

"Shi ne mai rabawa a shagon nan."

Mama Laraba ta miƙe ta gyara mayafi. "Ba komai, 'yata. Ba ni waɗanda suka fito." Goma sha biyu ne. Ta karɓa ta tafi. Ketura ta ji da ma zaginta ta yi.

Uban ya ce, "Zo ki zauna, mu sa akwatin ya keɓe wa firinta ashirin ɗin."

"Ashirin ɗin dai ce! Mene ne bambancin?"

"Wanda ya ba ta."

"To in akwatin naka ya mutu fa? Tawa lambar tana nan daram."

"Gaskiyarki. Sai mu sake rubutawa. Amma jawo kujera."

Ba ta jawo ba. Ta ja ƙofa garam, ta fice.

Ga ma'anar misalin nan. Waɗansunmu yau suna nan, gobe suna can, sai inda rana ta ajiye su. Akwai sauƙi, amma ranar da ake bukatarsu ba a san inda suke ba. Waɗansu kuma da hannunsu suke kama wuri, a gida ko a ƙungiyar mawaƙa, ba tambaya, ba addu'a. Suna tsayawa daram, gaskiya ne, har ranar da za su yi karo da wani, kuma sau da yawa wanda bai san komai ba ne yake shan wahalar. Na ukun su ne waɗanda Ubangiji da kansa ya keɓe musu wuri. Akwati yakan lalace, shi kuwa ba ya mantuwa, ba ya ba mutum biyu wuri ɗaya.

Jiran ne da wuya. Mu da muke buɗe ido tun ba a ce amin a kan abinci ba, mun sani. Amma kafin ki ce "nan ne wurina", je ki tambayi Mai rabawa.