Ranar da Manu Ya Sayar da Goggo

Akwai wani matashi a ƙasar Bagudo mai suna Manu, Bafullatani, ɗan wata ruga da ke bakin Kwara can wajen Kaoje. Tun yana saurayi ya jingine sanda ya koma kasuwar Illo ya zama ɗan canji, ya karɓi sefa ya ba da naira. Kansa na ja, wannan kam ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne: in ya iya lissafin abu, sai ya ɗauka ya san abin.

Yayansa Gidaɗo, wanda yake kira Hamma, shi ne ke riƙe da shanun gidansu, guda arba'in da uku. Da su ake ci, da su ake suna, da su ake kai mara lafiya asibiti. Bakwai daga ciki gadon Manu ne.

Da rani shanun kan zauna a wani tsibiri mai ciyawa a tsakiyar kogi. In damina ta yi nisa ruwa ya fara hawa, sai a ƙetarar da su zuwa tudu kafin tsibirin ya nutse. Haka kakansu ya yi, haka ubansu ya yi.

To, sai aka shiga shekarun nan da kowa ya ji a jikinsa. Naira ta rinƙa narkewa a gaban sefa kamar gishiri a ruwa. Kuɗin da Manu ya kwana da su, kafin gari ya waye sun rame. Ana nan wani abokin canjinsa ya sa shi a wani guruf a waya, ya nuna masa manhajar da ake sayen hannun jarin kamfanonin ƙasashen waje, da zinariya, da ɗanyen mai, da koko, mutum na zaune a kan benci.

Ya zuba ɗan abin da ya tara. Cikin wata biyu ya ga riba.

Shi ke nan, Manu ya fi ƙarfin kowa. In ya zo ruga, ba ya zama a tabarma sai ya karkaɗe ta sau uku. Ya ce wa Gidaɗo kiwo wahalar banza ce, dukiyar da ke tari da zawo ba dukiya ba ce. Ya sayar da bijimansa biyu ya ƙara jari, ya dawo ya sayar da huɗu. Gidaɗo bai hana shi ba. Ya ce rabonsa ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai kasuwar duniya ta juya baya. Aka ce tattalin arzikin manyan ƙasashe ya shiga matsi, kamfanoni na korar ma'aikata. Kullum Manu ya buɗe waya sai ja, ja, ja, alamar asara. Abinci ya daina masa daɗi. A guruf kuwa masana na ta cewa yanzu ne lokacin saye, komai ya yi araha, wanda ya saya yau shi zai yi dariya gobe.

Ban ce ƙarya suka yi ba. Amma maganar masu rarar kuɗi ce, shi kuwa Manu ba shi da rara. Abin da ya rage masa a duniya saniya ɗaya ce.

Goggo ake ce mata. Tsohuwa ce baƙa, ƙahonta ɗaya a karye, ta yi shekara uku ba ta haihu ba, nononta ba ya cika ludayi. Amma duk shekara in an zo ƙetare Kwara, ita ke fara sa ƙafa a ruwa. Ta san inda kogin ke da ƙarfi, ta san inda za ta karkata ta bar ruwa ya ɗauke ta, ta san gaɓar da ake fita. Sauran shanun ba kogi suke kallo ba, ƙahonta suke kallo.

Manu ya san da wannan, tun yana yaro yake gani. Sai dai a lissafinsa, saniyar da ba ta haihuwa asara ce mai cin ciyawa.

Ya kawo wa yayansa maganar sayar da ita. Gidaɗo ya ce, "Manu, ruwa ya taso. Bari mu ƙetare, in ba ka bijimi cikin nawa madadinta. Kwana goma kaɗai."

"Hamma, kasuwa ba ta jiran kwana goma."

"Kwara ma ba ta jira. Wagga saniya ba nama ba ce, hanya ce."

Manu ya yi dariya. Ya ce saniya saniya ce, duk wadda aka kora ruwa za ta yi iyo.

Kwana biyu bayan haka Gidaɗo ya hau tudu don ya daidaita da manoma kan inda shanu za su bi, kada su shiga gonakin mutane. Manu ya ji labari. Ranar kasuwar Illo kuma ta zo. Ba zai taɓa saniyar yayansa ba, wannan sata ce. Amma tasa fa? Wa zai hana mutum abinsa?

Ya ratsa ruwa zuwa tsibirin da safe, ya kai masa cinya. Ya tarar da Shafa'atu matar Gidaɗo tana tatsa. Da ta ga igiya a hannunsa ta ajiye ƙwarya ta miƙe. Ta roƙe shi da Allah, ta roƙe shi da darajar mahaifinsu, ta ce ya jira maigidan ya dawo ko da yini ɗaya ne. Ya ce mata harkar maza ce, ta ji da nononta.

Ya ɗaura wa Goggo igiya ya ja ta cikin ruwa. Da ya waiwaya, sai ga garken gaba ɗaya sun bar ciyawa sun jeru a bayanta, har na gaba sun jiƙa ƙafa. Sai da ya koma ya yi ta dukansu da reshe kafin suka tsaya. Suka tsaya a gaɓa suna kuka, wuya a miƙe. Gabansa ya faɗi, wallahi ya faɗi. Amma ya danne, ya ja igiyarsa.

A Illo wani mahauci daga tsallaken Benin ya saye ta, ya biya da sefa. Kafin la'asar Manu ya mayar da kuɗin hannun jari da 'yar zinariya. Kafin magariba an feɗe Goggo.

Da Gidaɗo ya dawo ya ji, bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Kogi kawai ya je ya duba. An yi ruwa mai yawa can sama wajen Nijar, Kwara ta zo ja wur, tana ɗauke da itatuwa da ciyayi. Inda Manu ya ratsa a cinya, yanzu gorar tuƙa jirgi ba ta taɓa ƙasa. Ya aika wa ƙanensa saƙo a taƙaice: gobe da hantsi za a ƙetare, ya zo ya riƙe maruƙa a jirgi.

Manu ya zo. Hadari ya haɗu ta gabas, gari ya yi shiru, ko tsuntsu ba ka ji. Rabin tsibirin ya riga ya shige ruwa. Aka ɗaure ƙananan maruƙa aka sa a kwalekwale tare da Shafa'atu da kayan ɗaki. Gidaɗo ya tuɓe riga, ya zaɓi wata jar saniya mai ƙarfi, ya kama ƙahonta ya shiga da ita yana kira.

Shanun suka ƙi. Sai da wasu masunta biyu suka taya da duka kafin suka faɗa ruwa, suna huci, ido a waje.

Da farko abin ya tafi daidai, har Manu ya fara sakin numfashi. Ya ce a ransa, ai ga shi, dama ya faɗa.

Da suka kai tsakiya, inda ruwa ke murɗawa, jar saniyar ta tsorata. Maimakon ta karkata ta bi ruwa, sai ta fizge daga hannun Gidaɗo ta juya za ta koma tsibiri. Na bayanta suka juya. Na can baya kuma suna tahowa. Suka haɗu, suka fara zagaye a wuri ɗaya, kowace na bin wutsiyar 'yar'uwarta, kowace na neman ta ɗora kai a gadon bayan wata.

Duk makiyayin bakin kogi ya san wannan zagaye, kuma ba mai fatan ya gan shi da idonsa.

Gidaɗo ya kutsa tsakiyarsu yana kiran kowace da sunanta, muryarsa ta dishe. Shafa'atu na salati. Maruƙa na kuka a jirgi, iyayensu na amsawa daga cikin ruwa, amsar na raguwa. Manu na riƙe da igiya yana kallon ƙahoni na nutsewa bibbiyu.

Masunta ne suka tsamo Gidaɗo can ƙasa, ya sha ruwa, haƙarƙarinsa biyu a karye. Shanu tara suka fita da rai. Kwana uku mutanen ƙauyukan ƙasa na ganin kumburarrun shanu na wucewa.

Yanzu ku ji abin da ya fi ciwo. Bayan wata huɗu kasuwar duniya ta farfaɗo, kamar yadda masana suka ce. Zinariya ta tashi, hannun jarin Manu ya haura abin da ya zuba nesa ba kusa ba. Lissafinsa bai yi kuskure ba ko kaɗan.

Ya cire kuɗin duka ya nufi ruga. Ya tarar an kwance bukkoki, an ɗaure kaya a kan jakuna. Gidaɗo ya samu aikin kiwon shanun wani attajiri a cikin Benin. Mutumin da bai taɓa kiwon saniyar wani ba, zai koma ɗan haya.

Manu ya durƙusa ya ajiye jaka a gaban yayansa. Ya roƙe shi ya yafe masa, ya ce ga kuɗi, gobe za su je kara su sayo shanu talatin, a mayar da garke yadda yake.

Gidaɗo ya dubi jakar, ya dubi ƙanensa. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Na yahe maka, Manu, duniya da lahira. Amma shanun kasuwa baƙi ne, ba su san juna ba, ba su san ni ba, ba su san Kwara ba. Wanga garke tun kakanmu uwa ke koya ma ɗiya hanya. Shekara sittin anka yi ana tara shi. Ɗauki kuɗinka, ba su sayen abin da munka rasa."

Ya miƙe da ƙyar, dafe da haƙarƙari, ya kora shanunsa tara da marayun maruƙa suka yi yamma. Manu ya bi su da ido har suka shige cikin dawa. Yana nan durƙushe a kufan gidan ubansa, da kuɗi cike da jaka, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Zuba jari ba laifi ba ne, kuma saye lokacin araha dabara ce. Amma da rara ake yi, ba da abin da gida ya dogara a kansa ba. Kafin ka sayar da abu don ka ga ba ya kawo riba, tambayi wanda ke riƙe da shi amfanin da yake yi, kuma in babba ya ce ka jira kwana goma, ka jira. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu kwana da tashi a kan wayar kasuwa, wataƙila wani na riƙe da igiya yanzu haka.