Tunau da Farautar Raini

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wani saurayi ne wai shi Tunau, ƙafarsa ba ta zama. Ya bi shamuwa har ƙasarsu, ya shekara bakwai. A can kuwa in za ka gai da babba, ƙafa ɗaya kake ɗagawa, ka miƙe wuya.

Da ya dawo, uwarsa Tabawa ta ce, "Ɗan nan, je ka gai da Maigari." Ya je, ya ɗaga ƙafa, ya miƙe wuya.

Maigari ya ce, "Yaron nan ya kwaso mana Raini!"

To, a zamanin nan Raini sunan wani ɗan aljani ne. An ce duk wanda ya hau, sai ya riƙa ganin mutane ƙanana. Amma ba wanda ya taɓa ganinsa.

Maigari ya ce, "Kwana uku na ba ka. Ka nuna mana inda yake, ko ka bar garin nan, kai da shi."

Tabawa ga tsufa, ba ta da kowa sai Tunau. Ya zazzage jaka, babu. Ya kakkaɓe riga, babu.

Ya tafi wurin maƙeri. "Baba, ina Raini ke zama?"

"A ƙafa mana. Yaro ya gai da babba a tsaye."

Sai Tunau ya shiga durƙusa wa kowa. Ya durƙusa wa mai unguwa, ya juya ya durƙusa wa akuyarsa. Mai unguwa ya ce, "Ni da akuya gaisuwa ɗaya? Raini!"

Kashegari ya tafi wurin mai daddawa. "Iya, ina Raini ke zama?"

"A baki, ɗan nema. Babba na faɗi, yaro na faɗi."

Sai Tunau ya kame bakinsa gam. Kawunsa ya kira shi sau uku, bai amsa ba. Kawu ya ce, "Kai, ni kake ji ka ƙyale? Raini!"

Tunau ya dafe kai. "Na tsaya, Raini. Na durƙusa, Raini. A yi magana, Raini. A yi shiru, Raini. Wai ni, ina abin nan yake?"

Rana ta uku ya zauna gindin geza yana kuka. Hawainiya ta juyo da ido ɗaya ta ce, "Samari, ba a ƙafa yake ba, ba a baki ba. Leƙa idon mutum. In ka ga kanka ɗan mitsitsi a ciki, gidansa ke nan."

Tunau ya ruga fada. Maigari ya ce, "Ina shi?"

Tunau ya matso, ya leƙa idon Maigari, ya yi tsalle. "Ranka ya daɗe, ga shi nan! Ga ni a idonka, ban kai ƙwayar gero ba!"

"Ƙarya kake!" Maigari ya cafko shi, ya leƙa idon Tunau. Sai ya ga kansa, da rawani da komai, kamar ƙuda.

Fadawa suka hau leƙen juna. "Naka da shi!" "Kai ma naka da shi!" Mai unguwa ya leƙa idon akuya, nan ma ya ga kansa ƙarami.

Tabawa ta dogaro sanda ta ce, "Ranka ya daɗe, in mai Raini zai bar gari, wa za a bar wa gadin rumbuna?"

Maigari ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Tunau, tafi gida ka kula da tsohuwarka."

Tun ran nan yaro ke kawar da ido gaban babba, kada babba ya ga kansa ƙarami. Duk wanda kuma ya ɗauki wani ba komai ba, sai a ce ya yi raini. Kafin ka laluba shi a jakar wani, fara duba idonka.

Ƙurunƙus kan hawainiya! Ba don gizo ba, da na ce muku a gabana aka yi.