Telan Da Ya Ba Tukunya Haƙuri

Akwai wani tela da zaman keken ɗinki ya tara wa tumbi, har tef ɗin awonsa ya kusa kasa zagaye shi. Ni na raɗa masa suna Tulu, kuma kun san ni, sunan da na raɗa ko da sabulu ba ya fita.

Sunan ya ƙona masa rai, sai ya shiga gidan motsa jiki. A can ya ga samari suna kaɗa wani gari a gora suna sha, wai garin gina jiki. Ya sayi babbar roba, ya ɓoye a shago bayan tarin yadi, don kada matarsa ta yi masa dariya. Ya yanke wa kansa hukunci: abincin gida ne ya jawo tumbi, daga yau gari kawai.

Matar kuwa gwana ce a girki. Ta ajiye masa shinkafa da wake da kifi, ya ɗaga murfi ya mayar.

"Na ƙoshi."

"A ina?"

"Na dai ƙoshi."

Washegari ma haka. A ganinta, namijin da kullum yake dawowa a ƙoshe, akwai inda ake sauke masa tukunya. Ta zuba ido. Yana fita da sassafe, ya dawo yana juyi gaban madubi. Ya matse hannayen rigunansa. Ga wani ƙamshi mai zaƙi a gashin bakinsa, wanda ba daga kicin ɗinta ya fito ba.

Ta kira yayarsa a waya.

"Yaya, ƙaninki ya samu mai dafa masa."

"Kin gani da idonki?"

"Na ji da hancina. Na haɗa jakata, in na tabbatar gidanmu zan tafi."

"Ajiye jakar tukuna. Sa takalmi, ga ni nan zuwa."

Da rana tsaka suka dira shagon. Keke babu kowa, amma labulen wurin gwada kaya a ja yake, ana jin motsi da ɗan waƙe-waƙe a ciki. Matar ta dafe ƙirji. Yaya ta fizge labulen.

Tulu ne shi kaɗai, daga shi sai singileti, yana girgiza gora.

Yaya ta buɗe robar ta shinshina. "Wace ce ta ba ka? Shi kake sha ka manta da iyalinka?"

"Yaya, wallahi saya na yi. Garin furotin ne."

Da a nan ya tsaya, da dariya kawai za a yi a watse. Amma kunya ta sa bakinsa ya zarce. Ya dubi matarsa ya ce, "Ku ba za ku gane ba. Cokali ɗaya na wannan ya fi tukunyarki gaba ɗaya."

Matar ta gyara mayafi. "To, Allah ya ba da sa'a."

Da yamma ya tarar da tire an rufe da kyau kamar kullum. Ya ɗaga murfi, ya ga ruwa a kofi da cokali ɗaya. Ita da yara suna gefe suna cin ƙwai da dankali, babu mai kallonsa.

Haka aka ci gaba. Ƙafarsa ta fara rawa a kan keke. Cikinsa yana ƙugi a gaban masu kawo ɗinki, har wani ya tambaya ko janareto aka tayar. Dantse bai fito ba, wuya ne ya ƙara tsawo.

Sai shi ma zargi ya kama shi, ya ce jabu aka sayar masa. Ya ɗauki robar ya nufi wurin kocin da ke horar da shi a gidan motsa jiki, a fusace. Ya same shi zaune da faranti ya yi tozo, wake da kifi da dafaffen ƙwai.

"Koci, kai ma abinci kake ci?"

"Da iska zan ci? Garinka lafiyarsa ƙalau. Ciko ne, ranar da abinci ya gaza. Wa ya ce ka daina cin abinci?"

"Babu."

"Kana da mai dafa maka?"

"Ina da ita dai, a da."

Ya koma gida ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hula. "Maman yara, a yi haƙuri."

"Ni ba ka yi min komai ba. Tukunya ka zaga a gaban Yaya. A gaban Yaya za ka ba ta haƙuri."

Aka kira Yaya. Ta zauna a kujera ta harɗe ƙafa, aka ajiye tukunya a tsakiyar ɗaki. Tulu ya durƙusa ya ce ya tuba.

Yaya ta ce, "Ɗaga murya, murfinta a rufe yake."

Ya ɗaga murya. Ranar har ƙanzo ya kankare.

Darasi: Garin roba ciko ne, abincin gida shi ne tushe. Kada sabon abu ya sa ka raina hannun da ke ciyar da kai, kuma abin da ka ɓoye wa iyalinka, zargi ne zai fassara musu shi. Ku tura wa duk wani mai girgiza gora da kuka sani.