Kulɓa da Ranar Tsayuwar Dangi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wata Kulɓa a cikin kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Jikinta sumul kamar na maciji, ga 'yan ƙafafu huɗu irin na ƙadangare. Ga ta da son jiki. In ƙadangaru suka kira gayya, sai ta naɗe ƙafafu ta ce, "Ni macijiya ce." In macizai suka kira tasu, sai ta miƙe su ta ce, "Kun taɓa ganin maciji da ƙafa?" Amma in an sauke tuwon gayya, ita ce a gaba.

Rannan Damisa ta yi shela: "Da hantsi kowa ya tsaya cikin danginsa. Wanda ba shi da dangi, nawa ne."

Da jin haka, Kulɓa ta zabura. Ta ruga wurin Damo, babban ƙadangaru.

"Baba, ni taku ce."

"Da bakinki kika ce macijiya ce ke. Wuce!"

Ta je wurin Mesa.

"Gwaggo, ni taku ce."

"Da waɗannan ƙafafun? Wuce!"

Ta gangara rafi wurin Kada.

"Kawu, ni taku ce."

Kada ya buɗe baki kawai. Ta ga haƙora, ta juya.

Hantsi ya yi. Kowa ya shiga sahunsa, aka bar Kulɓa ita kaɗai a tsakar fili. Damisa ta taho a hankali, tana lasar baki.

"Ke ta wa ce?"

Kulɓa ta juya za ta gudu.

Caraf! Damisa ta danne mata wutsiya. Don tsananin tsoro Kulɓa ta fizge, wutsiya ta tsinke, ta faɗi tana mutsu-mutsu. Kulɓa ta faɗa cikin busasshen ganye.

Damo ya ɗaga murya: "Tsaya, ranki ya daɗe! Danginmu ne ke yar da wutsiya su gudu. Tamu ce!"

Amma ina! Kulɓa ta yi nisa, ba ta ji ba. Har yau tana ƙarƙashin ganye, da ta ji motsi sai ta arce. Ba ta san an karɓe ta ba.

To, kun ji. In danginku suka kira aiki ku je, don ku samu inda za ku tsaya ranar tsoro.

Ƙurunƙus! Kan kulɓa, ba nawa ba.